DUNIYA MAKARANTA: Ɗan Gidan Ƙauyen Da Ya Koya Wa Suwidin Ƙawata Ɗaki

A ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, akwai wani ƙauye da ake kira Sundborn, a cikin lardin Dalarna, kimanin kilomita 13 daga birnin Falun. A bakin kogin da ya ratsa ƙauyen nan akwai wani ɗan gidan katako wanda aka gina a shekarar 1837, sunansa Lilla Hyttnas. Babu sarkin da ya taɓa mulki a cikinsa, ba a kuwa taɓa ƙulla wata yarjejeniyar yaƙi ko ta sulhu a zaurensa ba. Duk da haka, da wuya a sami ɗan ƙasar Suwidin wanda bai san kamannin ɗakunan gidan nan ba, ko da bai taɓa taka ƙauyen ba. Kowace shekara dubban mutane ne ke zuwa daga ƙasashe dabam-dabam, su biya kuɗi, a zagaya da su ɗaki-ɗaki, su kalli kujeru da labule da tukwanen furanni.

Abin da ya jawo wa gidan wannan ɗaukaka shi ne yadda wani mai zane, Carl Larsson, da matarsa Karin suka ƙawata shi da hannunsu, bisa ga abin da idonsu ya ga ya yi musu kyau, ba tare da sun kula da abin da ake yayi a birni ba. Labarinsu ya dace da wannan fili, domin a cikinsa akwai abin tunani ga duk wanda ya gaji tsohon gida a ƙauyensu, yana ta saƙe-saƙen ko ya gyara shi, ko ya rushe, ko kuwa ya sayar a raba kuɗin.

ASALIN MASU GIDAN

An haifi Carl Larsson a birnin Stockholm ran 28 ga watan Mayu, 1853, a unguwar talakawa. Ubansa lebura ne wanda sha ya ci ƙarfinsa, uwarsa kuwa da wankau ta riƙe gidan. Yaron ya tashi a ɗakunan haya masu duhu da cunkoso, irin waɗanda cuta ba ta rabuwa da su. Yana da shekara 13 wani malaminsa ya lura da hannunsa a wajen zane, ya ƙarfafa masa gwiwa ya nemi shiga ajin share fage na Makarantar Zane ta Sarauta, aka kuwa ɗauke shi. Daga baya ya riƙa yi wa jaridu zane yana samun abin da zai taimaki iyayensa. A 1877 ya tafi Paris neman suna, ya sha wuya, bai samu ba.

Ita Karin Bergoo ba ta san wannan irin wahala ba. An haife ta a 1859, ta girma a garin Hallsberg, 'yar wani babban ɗan kasuwa ce mai suna Adolf Bergoo. Ita ma ta yi karatun zane a Makarantar Sarauta daga 1877 zuwa 1882, a zamanin da mata masu wannan karatu ba su da yawa, sa'an nan ta wuce Faransa ƙaro ilimi. A can, a wani ƙauye mai suna Grez-sur-Loing inda masu zane na ƙasashen arewa suke taruwa, suka shaƙu da Carl a 1882, aka ɗaura musu aure a 1883. Allah ya ba su 'ya'ya takwas, daga Suzanne wadda aka haifa a 1884 zuwa autansu Esbjorn a 1900. Bayan aure Karin ta ajiye alkalamin zane, kamar yadda aka saba gani ga matan zamanin, ta rungumi reno da aikin gida.

A shekarar 1888 mahaifin Karin ya ba su kyautar gidan Sundborn, wanda a da 'yan'uwansa mata ne suke zaune a ciki. Kyauta ce wadda wani surukin zai karɓa da godiya a baki, a zuci kuwa yana gunaguni. Gidan ƙarami ne, ba shi da wani fasali, ga shi kuma a kan tarin kashin maƙera yake zaune, domin yankin Falun ya shahara da haƙar jan ƙarfe tun ɗaruruwan shekaru, sunan gidan ma yana nufin ɗan zirin ƙasar da ya kutsa cikin ruwa, inda a da ake narkar da ƙarfe. Da farko sai lokacin ɗumi kaɗai iyalin suke zuwa su yi 'yan watanni su koma birni. Ba su tare a cikinsa ɗungurungum ba sai a 1901.

YAYIN ZAMANIN

Kafin mai karatu ya gane girman abin da mutanen nan biyu suka yi, sai ya san abin da ake yayi a lokacin. A ƙarshen ƙarni na 19, duk mai abin hannu a Suwidin yana kwaikwayon gidajen attajiran Jamus ne. Ana cika falo da manyan kujeru da kabad-kabad na baƙin katako masu nauyi, a lulluɓe tagogi da labule mai kauri hawa biyu ko uku, a rufe daɓe da dardumai masu duhun launi, a jera tarkacen ado a kowace kusurwa har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Ɗaki mafi kyau a gidan akan kulle shi ne, ba a buɗewa sai an yi baƙo, yara kuwa ko leƙawa ba su isa su yi ba.

Wannan yayi bai dace da ƙasar ba ko kaɗan. A tsakiyar hunturu, hasken rana a yankin Falun bai fi na sa'a shida ba a yini, sauran duk duhu ne da ƙanƙara. Mutumin da yake zaune a irin wannan wuri ba abin da yake bukata kamar haske, amma sai ga shi yana kashe dukiyarsa wajen toshe ɗan hasken da Allah ya ba shi, don kawai a ce ɗakinsa ya yi kama da na mutanen wata ƙasa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Carl da Karin sun yi zaman Faransa, suna kuma karanta mujallun Ingila, sun san koyarwar William Morris da abokansa masu kiran a koma ga aikin hannu a rage dogaro da kayan masana'anta. Sun kuma ga zane-zanen Japan waɗanda suka cika kasuwar Paris a lokacin. Duk sun tsinci abin da suka tsinta a waɗannan wurare, amma da suka zo aiki, sai suka fara da abin da suka tarar a ƙasa: tsofaffin kujeru, katakon dajin ƙauyen, saƙar matan Dalarna, da kafintoci da maƙeran Sundborn.

ƊAKI BAYAN ƊAKI

Ba su rushe tsohon gidan ba. Ƙari suka riƙa yi masa a hankali, gwargwadon abin da ya shigo hannu da kuma yawan 'ya'yan da aka samu. A 1890 aka ƙara ɗakin zane na farko. A 1899 aka gama wani babba, tsohon ya koma ɗakin aikin iyali, inda Karin ta kafa kayan saƙarta, yara kuma suke 'yan sassaƙe-sassaƙensu. A 1912 suka sayi wani tsohon ɗakin katako na masu haƙar ma'adinai, mai zane a bango tun ƙarni na 18, aka kwance shi aka kawo aka jona da gidan. Watau aikin ya ɗauke su shekara 24, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Wannan ne ya sa wanda ya kalli gidan daga waje zai gan shi kamar wanda ya yi rassa, nan ya ɗaga, can ya sauka, kowane sashe da irin tagarsa, an shafe shi da jan fentin nan da ake samu daga ma'adinan Falun, wanda ya zama alamar gidajen karkarar ƙasar.

Falon gidan shi ne ɗakin da ya fi kowanne shahara. A nan suka jera tsofaffin kujeru irin na zamanin Sarki Gustav na Uku, wanda ya yi mulki daga 1771 zuwa 1792. A idon mutanen birni na lokacin waɗannan kujeru kayan kakanni ne da aka daina yayi. Su kuwa sai suka bar su da farin fenti, Karin ta ɗinka musu riguna na yadi mai ratsin fari da shuɗi, irin wanda za a iya cirewa a wanke in yaro ya ɓata. A daɓen katako ba su shimfiɗa darduma mai tsada ba, sai dogayen shimfiɗu marasa faɗi na saƙar gida, waɗanda suke bin hanyar da ƙafa take bi. Tagogin kuwa aka bar su a sake, aka jera tukwanen furanni a bakinsu, haske yana shigowa yana dukan farar kujera yana watsuwa cikin ɗaki. A kusurwa ga tsohon murhun ɗumama ɗaki wanda aka lulluɓe da fale-falen tangaran masu zanen fure.

Da an ƙetara zuwa ɗakin cin abinci sai launi ya canja sarai. Bangon kore ne shar, kujeru da ƙofofi ja wur, haɗin da masu ado na birni za su ce ƙauyanci ne, alhali kuwa daga kayan manoman Dalarna aka ɗauko shi. A saman doguwar kujerar ɗakin an rataye wata saƙa da Karin ta yi a 1903, wadda ta sa wa suna Ginshiƙai Huɗu, watau ƙasa da ruwa da iska da wuta. Babu siffar mutum ko ta dabba da aka fitar ɓaro-ɓaro a jikinta, sai igiyoyin launi masu tashi da sauka, a lokacin da irin wannan salo bai riga ya bazu a Turai ba.

A bene, gadon maigida a tsakiyar ɗaki yake tsaye, ba ya jingine da kowane bango, an kewaye shi da farin labule mai aikin allura na Karin. A jikin bangon akwai wata 'yar taga da take leƙa ɗakin aiki na ƙasa. Ɗakin uwargida da ƙananan yara yana maƙwabtaka da nasa. A can suka cire silin domin iska ta sami wurin yawo, suka shafe bangon da fari, Carl ya zana masa ado. A ƙofar da ta haɗa ɗakunan biyu Karin ta rataye wani labule da ta saƙa a 1909, mai suna Furen Ƙauna. Shi kuma Carl bai bar ƙofa ko bango ya zauna haka kawai ba: nan ya zana fuskar ɗaya daga cikin 'ya'yansa, can ya rubuta kalmar hikima, a saman ƙofar shiga kuwa akwai rubutun yi wa baƙo maraba da sunan maigida da matarsa.

Kayan katako da yawa Karin ce ta tsara su a takarda, kafintocin ƙauyen suka ƙera. Ana ba da labarin wata kujerar lilo da ta tsara, mai murabba'in jiki, babu sassaƙa babu lanƙwasa, wadda kafintan ya ga muninta ya kai har ya ji kunyar a gan shi da ita, bai kawo ta gidan ba sai da dare ya yi. Yau kujerar nan tana cikin kayan da masana tarihin ado suke misali da su. Hatta tufafin yaranta da nata ita take tsarawa, masu walawa, a zamanin da matan Turai suke ɗaure ƙugunsu har numfashi ya gagara. Akwai wata rigar aiki mai rufe gaba wadda har yanzu ake kira da sunanta a Suwidin.

LAMBU A KAN KASHIN MAƘERA

Lambun gidan ya fi ɗakunan cin wuya, domin kashin maƙera ba ya fid da tsiro. Sai da aka yi ta jigilar ƙasa mai kyau ana zubawa kafin a sami inda za a dasa wani abu. Karin ta ga yadda manoman Faransa suke haɗa kayan miya da furanni a fili guda, ta kuwa bi wannan hanya, ta yadda lambun yake ciyar da tukunya yana kuma ba da abin sawa a tulun ado. Furannin da sanyi zai kashe a waje sai a shigar da su bakin taga su yi hunturu tare da mutane.

Ba a yi lambun don kallo daga nesa ba. A lokacin ɗumi, sa'ad da rana takan kai dare ba ta faɗi ba, a waje iyalin suke yini. Akwai wata babbar bishiya mai farin ɓawo, irin ta ƙasashen sanyi, wadda suke kai tebur ƙarƙashinta su yi karin kumallo, yara suna wanka da kamun kifi a kogin da ke gefe. A 1897 suka sayi wata gona da ke kusa, mai suna Spadarvet, wadda ta riƙa ba gidan madara da nama da hatsi.

YADDA DUNIYA TA SAN GIDAN

An ce a wata shekara ruwan sama ya yi ta zuba mako da makonni, ya hana Carl fita zane a waje, har ya fara ƙunci. Karin ta ba shi shawara ya zana abin da yake gabansa, watau ɗakunan gidan da yaran da ke cikinsu. Ya ɗauki launin ruwa, wanda ya ƙware a kansa tun zaman Grez, ya shiga aiki. Ya zana Suzanne tana ba furannin bakin taga ruwa, ya zana ɗansa Pontus an zaunar da shi a kusurwar falo saboda ya yi laifi, ya zana iyalin suna karin kumallo a gindin babbar bishiya. Bai kawar da abin wasan yara daga daɓe ba, bai ɗauke saƙar da aka bari a kan kujera ba. An nuna zane-zanen a babban baje kolin Stockholm na 1897, sa'an nan a 1899 kamfanin Bonnier ya buga 24 daga cikinsu a littafi mai suna Ett hem, ma'ana "Gida".

Littafin ya zo a kan gaɓa, domin a lokacin ne fasahar buga hoto mai launi ta inganta har talaka zai iya saye. A wannan shekara ta 1899 marubuciya Ellen Key ta fitar da ɗan littafinta mai kira da a sa kyau ya wadaci kowa, inda ta yi misali da gidan Larsson a kan cewa tsabta da haske da launi ba sai mai kuɗi ba. A 1909 wani mai buga littattafai a Jamus, Karl Robert Langewiesche, ya fitar da zaɓaɓɓun zane-zanen da sunan Gida a Cikin Rana, aka sayar da kwafi 40,000 cikin wata uku. Ga abin mamaki: ƙasar da Suwidin take kwaikwayo ita ce ta dawo tana rububin hotunan ɗakin wani ɗan ƙauyen Suwidin. Daga nan salon farin ɗaki, katako mara nauyi, yadi mai ratsi da wadatar haske ya zama abin da duniya take kira salon Suwidin. Masana da yawa suna ganin tasirin gidan Sundborn a kayan kamfanin IKEA, wanda aka kafa a 1943, yake kuma sayar da kayan ɗaki a ƙasashe masu yawa.

KURA DA SHAN BUGU

Sai dai akwai rashin adalci a cikin labarin. Shekara da shekaru, in an ambaci gidan, sunan Carl ake kira. Shi ya sa hannu a zane, shi ya rubuta bayanin littattafan, shi jaridu suke yabo. Alhali kuwa yawancin abin da mutane suke sha'awa a cikin hotunan, labule ne, rigar kujera ce, saƙar bango ce, shimfiɗar tebur ce, tufafin yara ne, jerin furanni ne, duk kuwa aikin Karin ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Shi kansa Carl bai ɓoye cewa da bazarta yake rawa ba, amma duniyar zamanin ba ta ɗauki allura da zare a matsayin fasaha ba. Sai a 1997, shekara 69 bayan rasuwarta, gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya shirya babban nuni da sunan su biyun, a matsayin waɗanda suka ƙago salon Suwidin. Daga nan ne aka shiga nazarin aikinta da kansa.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da ke cikin hotunan shi ne rayuwar gidan baki ɗaya. Ɗansu Mats ya rasu yana jariri, babban ɗansu namiji Ulf kuwa ya rasu a 1905 yana saurayi. A littafin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1931 bayan mutuwarsa, Carl ya bayyana irin baƙin ciki da damuwar da ya sha fama da su, abin da ya girgiza masu karatun da suka saba ganinsa cikin fara'a. Wanda ya san ɗakunan hayar da ya tashi a ciki zai gane dalilin da ya sa ya dage wa haske haka.

Shi a ganinsa, manyan zane-zanen bango da ya yi wa gine-ginen hukuma su ne aikinsa na gaske. Mafi girma a cikinsu, mai suna Midvinterblot, wanda ya nuna wani sarki na tatsuniyoyin dā ana shirin yanka shi domin a sami sauƙin yunwa, ya gama shi a 1915, amma hukumar Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa ta ƙi karɓa. Wannan abu ya ci masa rai har ya rasu ran 22 ga Janairu, 1919. Zanen ya yi ta yawo, wani ɗan Japan ya saye shi a 1987, sai a 1997 gidan tarihin ya saye shi ya rataye a inda aka nufa tun farko. Abin da ya ɗauka ƙaramin aiki, watau hotunan ɗakin matarsa, shi ya riƙe sunansa a duniya.

BAYAN MASU GIDA

Karin ta rasu a 1928. A nan ne gidaje irin wannan sukan gamu da ajalinsu, domin magada sun yi yawa, kowa da inda ya sa gaba, kayan ɗakin kuma sun riga sun yi daraja a kasuwa. Da an bi hanyar da aka saba, da wannan ya ɗauki kujera, waccan ta ɗauki labule, a sayar da kangon. 'Ya'yan Larsson ba su yi haka ba. A shekarun 1940 suka kafa ƙungiyar zuriya, suka damƙa mata gidan da abin da ke cikinsa, a kan ya zauna yadda iyayensu suka bar shi. Har yau ƙungiyar jikoki da tattaɓa-kunne ce take riƙe da shi, ba gwamnati ba. Kuɗin da masu ziyara suke biya yana taimakawa wajen gyara, zuriyar kuma suna taruwa a ciki lokacin bukukuwansu. Ma'adinan Falun, wanda ya ci ƙarni da yawa yana aiki, an rufe shi a 1992, amma ɗan gidan da aka gina a kan kashinsa yana nan yana kawo wa ƙauyen baƙi.

ABIN ƊAUKA

Kuskure ne babba wani a Kano ko Sakkwato ya ga hotunan gidan nan ya ce shi ma sai ya fasa bangonsa ya sa manyan tagogin gilashi. Wanda ya yi haka ya maimaita wautar attajiran Stockholm ne ta wata fuska. Su Larsson haske suka nema domin ƙasarsu duhu gare ta. Ƙasar Hausa kuwa inuwa da sanyi take nema, magina na dā kuma sun riga sun san maganin abin: katanga mai kauri ta tubali, 'yan tagogi a sama, rufin soro a kan azara, da bishiya a tsakar gida. Duk wanda ya taɓa barin ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu ya shiga tsohon soro, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin koyi shi ne hanyar da suka bi. Sun dubi abin da suka gada kafin su dubi kasuwa, sun ba masu sana'ar garinsu aiki, sun yi gyara gwargwadon ƙarfinsu a shekaru masu yawa, sun kuma shirya ɗaki domin masu kwana a cikinsa. Ta wannan fuska ƙasar Hausa ba ta da abin da za ta yi wa kowa hassada. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba baƙuwar gini ba ce. Akwai zanen dagi a fuskar zaure, akwai shafen makuba, akwai zankwaye a kan soro. A cikin ɗaki kuwa akwai luru da gwado da saƙi, da tabarmi masu launi, da faifai, da ƙwarya mai zane, da shuɗin marinar Ƙofar Mata. Jeren da uwargida take yi a ɗakinta, na tasoshi da kwanoni da fayafai, fasaha ce mai ƙa'ida, ko da yake ita ma, kamar aikin Karin, ba kasafai ake ambaton mai ita ba.

Hukuma ta adana irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, amma ba za ta iya riƙe gidan kowane kaka a kowane ƙauye ba. Wannan nauyin zuriya ne. Da yawa daga cikin masu karanta wannan fili suna neman abinci ne a Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal, ko Abuja, kuma burin kowane ɗayansu shi ne in Allah ya buɗa ya koma gida ya yi gini. Buri ne mai kyau. Amma sau da yawa abin da ake fara yi shi ne a tura kuɗi a ce a baje tsohon zaure, a sare darbejiyar tsakar gida domin a sami filin ajiye mota, a kwashe kayan tsohuwa a zuba a bayan ɗaki, a kawo kujerun da suka fi ƙarfin falon. Kafin shekara ashirin sabon ginin ya tsage, tsohon kuwa babu ko hotonsa da za a nuna wa jikoki. Maginin da ya iya ɗaura bakan gizo ya tsufa ba wanda ya koya a wurinsa, saboda ba mai kiransa aiki.

Ba a ce kowa ya zauna cikin ɗakin da yake yoyo ba. Su Larsson ma sun ƙara ɗakuna, sun fasa bango, sun sauya abin da ya kamata a sauya. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin damina, indararo yana son gyara, ana kuma iya shigar da lantarki da famfo ba tare da an rushe soro ba. Abin da ake bukata shi ne, kafin a ɗauki diga, 'yan'uwa su zauna su yi shawara a kan abin da za a bari, da wanda zai kula da shi, da yadda za a riƙa haɗa kuɗin gyara kowace shekara, a kuma rubuta a ajiye tun manya suna da rai. A wajen shawarar nan kada a manta da matan gidan, domin su suka san inda rana take faɗowa da hantsi, da inda ruwa yake kwanciya da damina, da wanda ya saƙa lurun da ke ƙasan adaka. Da tsohuwar zuma ake magani.